Ƙwaya Uku, Gida Ɗaya

Tela ba ya ciwo in azumi ya raba tsakiya. Ko ya yi ma ba mai yarda. Shekarata ashirin da shida a kan keke a Aboabo, nan Kumasi, ban taɓa ganin mai shadda ya karɓi uzurin rashin lafiya ana saura mako biyu Sallah ba. Zai yi maka sannu, ya ce Allah ya sawwaƙe, sannan ya gyara tsayuwa ya ce, "To Masta, yaushe zan zo?"

A azumin 2025 ne, daren sha bakwai ga wata. Mun fito daga asham an ɗauke wuta. Akwai wata kwata a bakin lungunmu da nake tsallakewa tun ina saurayi, ko ido rufe na san faɗinta, sai ga shi ranar ƙafar dama ta sauka a gefen siminti ta lanƙwashe ciki. Na zauna daɓas a wurin. Da ƙyar na kai gida ina dafa katangar mutane. Kafin sahur idon sawun ya tashi kamar funkaso a cikin mai, gari na wayewa kuma gefen waje ya fara baƙi-baƙi.

Ƙafar dama kuwa ita ce jarin tela. Hannu yadi kawai yake ja, ƙafa ke tuƙa keke. In da wuta ita ke taka injin, in dumso ya zo, wato an ɗauke wuta, ita ke kaɗa tsohon keken da na gada wurin maigidana. Ga kaftani ashirin da uku an yanka an jera, na yara ko taɓawa ban yi ba. Don haka abin da ke raina da safen nan ba warkewa ba ce. So nake ciwon ya yi shiru in yi aiki.

Na aiki yaron shagona wani ɗan shagon magani, na ce ya ce a ba shi na ciwon jiki mai ƙarfi. Mai shagon bai ga ƙafar ba, bai kuma tambayi wanda zai sha ba. Yaro ya dawo da 'yar farar leda, ƙwayoyi kala uku a ciki: wata ruwan hoda mai sulɓi, wata ƙarama ruwan ƙasa, sai kafso. An yayyanko su da almakashi daga katinsu, an ce ɗai-ɗai safe da yamma.

Ana kiran Magariba na ci dabino uku, na haɗa ƙwayoyin na watsa na kora da ruwa, kokon ma bai huce ba. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi aiki. Kafin a idar da Isha'i ciwon ya kwanta kamar an zare ƙaya. Na koma shago na hau keke har ƙarfe ɗaya na dare ina sa wa mai magani albarka. Da sahur na makara, shayi kawai na kurɓa da ɓallin burodi, na sake watsa uku.

Wajen Azahar sai cikina ya kama da wuta. Ba yunwar azumi ba ce, ita na santa. Wani zafi ne a ƙahon zuciya yana tasowa maƙogwaro, kamar na sha ruwan barkono. Ƙafar da na sa aikin dole cikin dare kuma ta ƙara hawa har silifa ya ƙi shiga. Uwargida ta dubi ƙafar, ta dubi yadda nake dafe ciki, ta ce, "Malam, wannan ya wuce na lungu. Ka je babban famasi wurin 'yar gidan Alhaji. Ka tafi mata da ledar nan."

Na tari pragya, ɗan babur ɗin haya mai ƙafa uku, na tafi. Yarinyar nan ni na ɗinka mata yunifom ɗin firamare, yau ga ta cikin farar riga, ta gama karatun haɗa magunguna a jami'ar KNUST. Tana ganina ta zagayo ta jawo mini kujera.

"Baba, sannu da ƙarfin hali. Me ya samu ƙafar?"

Na ba ta labari, na miƙa mata ledar. Ta zazzage a kan kanta, ta juya kowace ƙwaya ta bayan katin, ta kunna fitilar waya tana haɗa guntayen haruffan da almakashi ya bari. Sai ta ɗago.

"Baba, ruwan hodar nan ibuprofen ce, miligiram 400, wadda kuke ce wa burufen. Ƙaramar diclofenac ce, 50. Kafson kuma piroxicam, 20. Ka san abin da aka ba ka? Abu ɗaya aka ba ka sau uku. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, riga ce kawai ta bambanta."

Na ce, "To 'yata, ba shi ya sa ya fi ƙarfi ba?"

Ta ce a'a. Wai sauƙin da dangin nan ke bayarwa yana da iyaka, in ɗaya ya kai ka iyakar, na biyu da na uku ba abin kirki da za su ƙara. Ɓarnarsu ce ke taruwa. Daga nan ta yi mini bayani da yarena na teloli, shi ya sa ya zauna mini.

In nama ko jijiya ta ji rauni, jiki yakan fitar da wani sinadari a wurin, furostagilandin. Shi ke kawo kumburi da zafi, shi ke sa wurin ya riƙa zogi ko iska ta taɓa. Aikin magungunan nan shi ne su tsayar da haɗa wannan sinadari. Matsalar ita ce ba a ƙafa kaɗai ake haɗa shi ba, maganin kuma jini yake bi, bai san ƙafa daga ciki ba.

"Baba, in ka ɗinka babbar riga ai kana sa mata shafi ta ciki. To tumbin mutum ma yana da shafi, wata majina ce da ke kare shi daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Sinadarin nan shi ke kula da shafin. Ka tsayar da shi da magani uku a lokaci guda, cikinka ba komai sai dabino. Zafin da kake ji ke nan."

Sai ƙoda. Ta ce in jiki ya yi ƙarancin ruwa, sinadarin ne dai ke buɗe wa jini hanya ya ratsa ƙoda. Mai azumi a zafin watan Maris, fiye da awa goma sha uku ba ruwa, yana gumi a shagon kwano, ya kuma danne sinadarin, ƙodarsa ce ke biyan kuɗin. Nan jikina ya yi sanyi, don na san wani a unguwarmu da ake kai wa wankin ƙoda, na kuma san yadda gidan ya koma.

Ta ware kafson gefe ta ce shi ne ya fi ba ta haushi. Piroxicam yana daɗewa a jiki ƙwarai, sai ya kwana biyu kafin rabinsa ya fita, ya kuma fi 'yan uwansa cin ciki. Tun 2007 hukumar magunguna ta Turai ta ce a daina ba da shi don ciwon 'yan kwanaki irin nawa.

Daga nan tambayoyi suka biyo baya, ta jero su kamar mai karɓar awo. Na taɓa yin olsa? Hawan jini fa, ko ciwon suga, ko na zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki? An taɓa ce mini ƙodata na da matsala? Ina da asma, ko na taɓa shan asfirin numfashina ya sarƙe? Akwai maganin da nake sha kullum, musamman na tsinka jini irin su warfarin da asfirin, ko prednisolone? Duk na ce babu. Ta ɗaura mini abin awon jini, ya nuna lafiya lau. Sai ta sassauta murya, saboda akwai mutane a bayana.

"Baba, ka yi haƙuri da tambayar. Bayan gidanka ya yi baƙi kamar kwalta? Ka yi amai da jini, ko mai baƙi-baƙi kamar garin kofi?"

Na ce a'a.

"Alhamdu lillahi. In ka ga ɗaya daga ciki, ko jiri ya kama ka, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko fuska ta kumbura numfashi ya yi wuya, kada ka dawo wurina. Ka wuce asibiti kai tsaye, Jii ko wanda ya fi kusa, ko tsakar dare ne."

Jii shi ne yadda mutanen Kumasi ke kiran asibitin koyarwa na Komfo Anokye.

Ƙafar ma ba ta ƙyale ta ba. Ta ce in tashi in yi taku huɗu. Na yi, ina ɗingishi ina cije baki, amma na yi. Ta durƙusa ta danna bayan ƙasusuwan idon sawun biyu, na ciki da na waje, ban ji wani abu ba. Da ta danna nama-naman da ke gaban na wajen kuwa sai da na ambaci sunan Allah da ƙarfi. Ta ce alamar targaɗe ce, jijiya ce ta ja. Da na kasa takun, ko da ƙashin ne ke zafi, da ba ta sayar mini da komai ba sai na je an ɗauki hoto.

Ta ɗauki ambulan ɗin magani ta juya bayansa ta rubuta mini tsari. Kwana biyu cur kada ƙwayar dangin nan ta shiga bakina, a bar ciki ya huta, kafson kuma ya rage a jiki. A kwanakin farasitamol ne abokina, shi ba danginsu ba ne: ƙwaya biyu masu 500, tsakanin sha da sha aƙalla awa huɗu, kada ya wuce ƙwaya takwas a kwana. Ga mai azumi ya kama sau uku ke nan, buɗa-baki, lokacin kwanciya, da sahur. Ta ce in lura da magungunan mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki, kada in ninka ban sani ba. Ta haɗa mini da omeprazole mai 20, ɗaya kafin in ci sahur, don rage tsamin ciki. Da rana kuma man shafawa na diclofenac a kan kumburin. Na ce ba yanzu ta gama zagin diclofenac ba? Ta yi dariya ta ce na shafawa kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa jini, a wurin yake aikinsa, amma banda kan rauni buɗaɗɗe. Na tambayi limaminmu daga baya, ya ce shafa mai a fata ba ya karya azumi. Ya kuma tuna mini cewa mara lafiya an yi masa rangwame ya sha ya rama, in abin ya kai ga haka.

In bayan kwana biyun zafin cikin ya tafi ɗungurungum, farasitamol kuma bai isa ba, to sai ibuprofen, ita kaɗai. Ƙwaya ɗaya mai 400 bayan na ci abinci na gaske da buɗa-baki, ba bayan dabino ba. Wata ɗaya bayan sahur in na ga dole, in zan iya haƙura da ta sahur ɗin ma ya fi, tunda yini ne ba ruwa a gaba. Ta ce babba ba ya wuce miligiram 1,200 a kwana in ba likita ne ya sa shi ba, nawa kuwa 800 ne in ya yi yawa. Ruwa kuma in yi ta sha tsakanin Magariba da sahur. In gudawa ko amai ya same ni, in ajiye maganin nan take.

Ƙwaya takwas ta ƙirga mini, na kwana huɗu. Na ce ta cika mini kati guda mana, kada in sake biyan kuɗin pragya.

"Baba, baƙo raɓa ne. Maganin nan baƙo ne, ba ɗan gida ba. In kwana huɗu ya cika ƙafar ba ta yi sauƙi ba, ba ƙarin ƙwaya take so ba, likita take so."

Ta sa mini shi a kwalinsa, ta nuna mini inda sunan maganin na ainihi yake da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan kamfani, da ranar lalacewarsa, da lambar rajistar FDA, hukumar abinci da magunguna ta Ghana. Ledar lungun kuwa ta riƙe abarta.

Kwana biyun farko su ne masu wuya. Na manna ambulan ɗin a bangon shago kusa da littafin awo. Uwargida ta riƙa daskarar da piya wata a firij, in naɗe leda ɗaya a tawul in ɗora minti ashirin, in sauke, bayan awa biyu ko uku in sake. Na ɗaure da bandeji, ba tamau ba, in kwance shi da dare. Na kishingiɗa a benci na ɗora ƙafar a kan dilar yadi ta fi ƙirjina tsawo. Wani maƙwabci ya zo da tayin ruwan zafi da murza, har da sunan mai ɗorin da ya sani a Sawaba. Ina girmama masu ɗori, amma ba abin da ya karye, an kuma ja mini kunne cewa zafi da murza a kwanakin farko kumburi suke ƙarawa. Na yi masa godiya.

Aiki kuwa sai na juya shi. Babban yarona ya hau keke, ni na koma yanka da kalmasa da sa maɓalli a zaune. Sai a makon na gane yaron ya fi yadda nake zato iyawa. Shekara uku ina hana shi taɓa wuyan kaftani ashe a banza.

Ɗana na fari, mai bin diddigin komai a waya, ya zauna kusa da ni wani dare yana karanto mini tarihin ibuprofen. Wai wani Stewart Adams da abokin aikinsa John Nicholson ne suka samo shi a kamfanin Boots na Ingila, aka yi rajistarsa a 1961, aka fara sayarwa a 1969 da sunan Brufen, inda burufen ɗinmu ya samo asali ke nan. Ashe ya girme ni. Ya kuma karanto cewa a 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙara tsananta gargaɗi cewa dangin nan na iya ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki tun a makonnin farko, haɗarin kuma na ƙaruwa da yawan abin da aka sha da daɗewar da aka yi ana sha. Na tuna direbobi da 'yan dako nawa na sani da ke karyawa da shi kowace safiya kamar goro.

Ranar ashirin ga wata cikin ya lafa sarai, amma ƙafar tana zogi da dare tana hana ni barci. Na ci tuwo da miyar ayoyo na ƙoshi, na sha ruwa leda biyu, sannan na sha ƙwaya ɗaya. Na ɗauki allin yanka na ja layi ɗaya a gefen tebur. Kamar minti arba'in zogin ya sauka. Bai ɓace kamar daren ƙwaya uku ba, in na taka ina jin ƙafar tana tuna mini da kanta. A lokacin na ji haushin hakan. Yanzu ina ganin wannan ɗan ragowar ciwon shi ya hana ni sake hawa keke in ɓata jijiyar.

Jarabawar ta zo a dare na biyu. Wani mai kaya ya zo ya tarar ba a haɗa hannun rigarsa ba, ya dube ni a zaune ya ce, "Masta, kai ma da wasa kake. Je ka a yi maka allurar daiklo mana, ko ka samu tramol guda, gobe ka tashi garau." Mutanenmu na da imani da allura, gani suke tunda ba ta bi ta baki ba ciki ya tsira. Alhali na riga na ji cewa ta jini ɓarnar ke zuwa, allurar diclofenac a kan ibuprofen ɗin da ke jikina komawa gidan jiya ne. Tramol kuwa mun ga abin da ya mai da samarin Zongo, ba sai an ba ni labari ba. Duk da haka, wallahi da ya tafi sai da na ɗauki kwalin na juya shi a hannu. Sha ɗaya da rabi na dare, ga aiki jibge, ga ƙwaya biyar a ciki. Na dubi layukan alli, na dubi ambulan ɗin bango, na sha farasitamol ɗina na kashe fitila.

Layi biyar na ja gaba ɗaya. Da sahur na uku sai da aka kira Asuba na tuna ban sha ba, kuma ban ji na rasa komai ba. Na kira 'yar gidan Alhaji na faɗa mata. Ta ce shi ke nan, in tsaya a nan, ba irin maganin da ake cewa sai an shanye ba ne. Ta ce in fara juya ƙafar a hankali ina zana da'ira da babban yatsa, in riƙa takawa gwargwadon abin da zan iya, don jijiya takan ɗauki makonni kafin ta koma daidai ko da ciwon ya tafi. Ranar ashirin da biyar na koma kan keke, rabin yini. Kaftani huɗu ba su samu shiga Idi ba, na kuwa sha magana a kansu.

Ƙwaya ukun da suka rage na jefa su a aljihun keke tare da bobin. Ranar jajibiri mahaifiyata Mma ta zo karɓar ɗinkin jikokinta, ta buɗe aljihun tana neman allura, sai ta gan su.

"Wannan ba shi ne maganin da ya tashe ka ba? Ba ni in gwada a gwiwar nan tawa."

Mma ta haura saba'in. Tana shan lisinopril na hawan jini, tana shan ƙaramar ƙwayar nan mai sa fitsari. Haɗin da aka ce mini shi ya fi wahalar da ƙoda ke nan in ibuprofen ta shiga tsakaninsu, ban da cewa tana iya tayar da jinin da ake ta fama a saukar, tsofaffi kuma sun fi saurin zubar jini a ciki. Ƙanwata na tsaye a wurin da cikinta wata shida, ita ma tana cewa in Mma ta rage a ba ta na bayanta, alhali mai ciki daga mako ashirin ba ta shansa sai da izinin likita, a watanni ukun ƙarshe kuwa sam. Na karɓe kwalin na sa a aljihun rigata.

"Mma, ki yi haƙuri. Wannan ba naki ba ne. Bayan Sallah zan kai ki da kaina."

"Ƙwaya uku ka hana uwarka?"

Har aka sauko Idi ba ta sake mini fuska ba. Ranar uku ga Sallah na ɗauke ta da baƙar ledar magungunanta gaba ɗaya muka je famasin. 'Yar gidan Alhaji ta zazzage su a kan kanta kamar yadda ta yi wa nawa, ta auna ta, ta ba ta farasitamol, ta rubuta mata takarda ta kai wa likitanta a kan gwiwar. A hanyar dawowa Mma ta riƙa ba direban pragya labari da Asantanci, tun daga bakin famasi har Aboabo, wai ta haifi ɗa mai rowar magani.